Katangar da Ta Karkata: Ƙaddara da Alhakin Ƙaramar Hukuma a Kan Titi

Idan mota ta kaɗe yaro a bakin kasuwa, aka yi masa sutura kafin la'asar, maganar da ake ji a zaman makoki ba ta wuce biyu ko uku. Kwana ne ya ƙare. Haka Allah Ya ƙaddara. Sai haƙuri. In direban ya zo da dattawan tasharsu neman afuwa, sau da yawa uban yaron zai ce ya yafe, ba ya neman ko sisin kwabo, Wanda Ya ba shi ne Ya karɓi abinSa. Wannan hali ne mai girma, kuma shi ne yake riƙe zuciyar mahaifi a ranar da babu wani abin da zai iya riƙe ta. Sai dai bayan an share makoki, wurin yana nan yadda yake. Tebura sun cinye gefen titi, babu fitila, babu abin da zai sa direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Ba a jima ba sai a sake ɗaukar wata gawa daga nan.

A nan tambayar take. Imanin da ya isa ya rarrashi uban yaro, shin ya isa ya wanke wanda aka ɗanka wa amanar titin? Kuma wane ne wannan mutumin, tunda ba shi ne ya riƙe sitiyari ba?

Girman abin ya kai a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya suna kashe kusan mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Afirka ce nahiyar da abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙidaya mutuwar fiye da mutum 5,000 a 2023, haka ma a 2024, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙasar ya haura 30,000 a shekara. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ba ta rasa nasaba da waɗanda ake binnewa a ƙauyuka da unguwanni ba tare da sunansu ya shiga kowace takarda ba.

Malaman tauhidi sun daɗe da yin magana a kan tushen wannan tambaya. Jabriyya sun ce bawa ba shi da zaɓi, tilasta shi ake yi. Ƙadariyya sun ce shi ne mai ƙirƙirar aikinsa, ƙaddara ba ta da hannu. Ahlus Sunna suka ƙi duka biyun: Allah ne Mai halittar komai, amma bawa yana da nufi da zaɓi, kuma a kansu ake yi masa hisabi. Littattafan aƙida da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya sun bayyana cewa wanda aka kashe da ajalinsa ya mutu, makashinsa bai rage masa ko daƙiƙa ɗaya ba. Duk da haka babu alƙalin da ya taɓa sallamar mai kisa saboda wannan. Cikar ajalin mamaci magana ce guda, laifin wanda ya yi sanadi wata magana ce daban, kuma shari'a ba ta taɓa barin ta farko ta shafe ta biyu ba.

Labarin Sayyidina Umar a kan hanyarsa ta zuwa Sham ya fito da wannan fili. Ya isa wani wuri da ake kira Sargu sai aka sanar da shi annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah za su gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai su kiwo da ƙaddara ya kai su, amma shi ya zaɓa. Umar shugaba ne, rayukan mutane ne a hannunsa, kuma bai ɗauki taka-tsantsan a matsayin raunin imani ba. Daga irin wannan ne malamai suka fitar da ƙa'idar cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku domin a yi haƙuri, ba a kafa ta a kan laifi domin a kuɓuta daga zargi.

Alƙur'ani ma bai bar kisan kuskure haka nan ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini ba da gangan ba abu biyu: diyya ga dangin mamaci, da kaffara, wadda ga wanda bai sami bawan 'yantawa ba ita ce azumin wata biyu a jere. Dangi suna iya yafe diyya, hakkinsu ne. Kaffara kuwa ba tasu ba ce balle su yafe. Allah Ya san mutumin bai yi nufin kisa ba, Ya san kuma ajali ne ya zo, amma Ya sa shi ya ji nauyin ran a jikinsa har kwana sittin ko kusa da haka. Addinin da ya yi wannan ba zai ɗauki ran da ya salwanta a titi a matsayin abin da ya wuce ya wuce ba.

Fiƙihun Malikiyya ya bi maganar hanya dalla-dalla tun kafin a san mota. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin zaure ya sauke, ta ɗora lamuni a kan mai hawan dabba da mai janta da mai korarta idan ta taka wani. Wannan hukuncin direba ke nan. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya matsa gaba: wanda ya haƙa rijiya a hanyar mutane, ko ya ɗaure dabba inda bai halatta ba, shi zai ɗauki alhakin duk wanda abin ya cutar, ko da yana gida yana barci lokacin da abin ya faru. Mukhtasar na Shaihu Halil ya ƙara mas'aloli biyu da suka fi kusa da zancen hukuma. Wanda yake da ikon ceton rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, yana da lamuni. Haka kuma mai katangar da ta karkata, aka yi masa gargaɗi, ya sami lokacin gyara bai gyara ba, in ta faɗa wa mutum shi zai biya.

Sharaɗin gargaɗin nan shi ne zuciyar maganar. Kwanar da ta kashe mutum bara, ta sake kashewa bana, katanga ce da ta karkata, kuma kowace gawa da aka ɗauka a wurin gargaɗi ce ga mai ita.

Kula da hanya kuwa tun can aikin hukuma mafi kusa da jama'a ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya jera munkaran tituna a cikin Ihya'u: gina dakali da zai ƙuntata wa masu wucewa, ɗaure dabbobi a hanya, ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu, yanka a bakin titi jini yana malala, zubar da ɓawon kankana da ruwan da zai sa mutum santsi. Muhtasibin gari ne yake hana waɗannan. A nan ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa gyaran kasuwanni da hanyoyi da gina gadoji a cikin abin da ya hau kan shugaba. A zamanin mota kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Brunei, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, ta kuma bambance wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya yi sanadinta: na biyun yana ɗaukar alhaki idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci.

Abin sha'awa shi ne ƙasashen da suka fi cin nasarar rage mutuwa a titi sun bi wannan hanyar tunani, ko da ba daga Mukhtasar suka ɗauko ta ba. A Birtaniya, sashe na 39 na dokar hanya ta 1988 ya wajabta wa majalisun ƙananan hukumomi su binciki haɗurran da ke faruwa a titunan yankinsu, sannan su ɗauki matakin hana sake aukuwarsu. Ma'aikacin majalisa yakan ɗauki rahoton 'yan sanda na shekaru, ya ɗiga kowane haɗari a taswira. Inda ɗigon ya taru, nan za a je a duba: ko kwanar ce ba a hango ta, ko duhu ne, ko yara ne suke tsallakawa zuwa makaranta inda babu wurin tsallakawa. Sai a yi maganin abin da aka gani. A matse bakin mararraba don mota ta rage gudu, a yi tudun rage gudu, a sa fitila, a ɗauki dattijo ko dattijuwa mai riƙe allon tsayar da motoci a ƙofar makaranta safe da yamma. Tun daga 1991 suka fara ware unguwannin da ba a wuce gudun mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32. Wani bincike da aka wallafa a 2009, wanda ya duba bayanan London na shekara 20, ya gano irin waɗannan unguwanni sun rage waɗanda haɗari ke rutsawa da su da kusan kashi 42 cikin ɗari, kuma ƙananan yara ne suka fi amfana. Ƙasar da ta rasa kusan mutum 8,000 a titi a 1966 yanzu ba ta kai 2,000 a shekara, alhali motoci sun ninninka.

A 1997 majalisar dokokin Suwidin ta amince da wata manufa da ta ginu a kan cewa ɗan Adam ajizi ne, dole zai yi kuskure, don haka masu tsara titi su ma suna da alhakin tabbatar da kuskuren bai zama kisa ba. Hukumomin birane a ƙasashen maƙwabta suka ɗauka. Oslo ta ƙare shekarar 2019 ba tare da mota ta kashe mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ba. Helsinki ma a wannan shekarar ba ta rasa mai tafiya a ƙasa ba. Babban makaminsu rage gudu ne, kuma dalilin a bayyane yake: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar mutuwar mutumin da mota ta buge tana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun kilomita 50 zuwa 65 a awa.

Mai karatu zai iya cewa waɗannan masu kuɗi ne. To, ga Gana. A mararrabar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi, an shimfiɗa ƙananan tudu a jere masu girgiza mota don direba ya sassauta. Tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗurra suka ragu da kusan kashi 35 cikin ɗari, mace-mace da kusan kashi 55, kuma kuɗin aikin bai kai dala 21,000 ba. A Darussalam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta haɗa kai da hukumomin gari aka yi wa kewayen makarantun firamare gefen tafiya, zanen tsallakawa da tudun rage gudu. Binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Direbobin Suhum da na Darussalam ba su sauya hali a dare ɗaya ba. Titin aka sauya.

Mai neman fakewa da ƙaddara zai ce waɗanda suka tsira ɗin ma kwanansu ne bai ƙare ba. Gaskiya ne. Amma Wanda Ya rubuta tsirarsu Ya rubuta ta tare da sababinta, kuma sababin shi ne wani ya zauna ya ƙirga gawawwaki, ya ware kuɗi, ya zuba kankare. Babu wanda aka nuna wa Lauhul Mahfuzu. Abin da aka nuna wa shugaba shi ne kwanar da ke kisa da kuɗin da ke asusunsa, kuma a kan su za a tambaye shi.

A Najeriya akwai ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba su gini da gyaran tituna, fitilun kan titi da magudanan ruwa. Ya ba su kafawa da tsara kasuwanni da tashoshin mota. Ya ba su lasisin kekuna da amalanke da baro, da sa wa tituna suna. Duk wanda ya san inda ake mutuwa a garuruwan Arewa ya san jerin nan ya taɓa wurin ciwon. Kasuwar mako da ta malalo har kan kwalta, tashar da direba ke cusa mutum huɗu a kujerar uku ya ɗora wasu a but, kwalbatin da ya rufta aka kafa masa reshen bishiya alamar haɗari, yashi da tsakuwar mai gini da suka kwana wata a tsakiyar layi, 'yan talla da almajirai da ke ratsa motoci a danja, makarantar Islamiyya da ƙofarta ke kallon babban titi: babu ɗaya a cikinsu da yake buƙatar umarni daga Abuja.

Uzurin da ake kawowa yana da tushe, kuma adalci ne a faɗe shi. Manyan hanyoyi irin ta Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna na gwamnatin tarayya ne, ciyaman ba shi da ikon taɓa kwaltarsu. Kama masu karya doka aikin 'yan sanda ne da jami'an kiyaye haɗurra da hukumomin jiha irin KAROTA, wadda Kano ta kafa a 2012. Shekaru da dama kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, abin da ya kai Kotun Ƙoli ga hukuncin 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, kuma Mukhtasar ɗin ma ya sa sharaɗin samun damar gyara. Sai dai rashin iko a kan kwalta bai hana iko a kan abin da ke gefenta ba. Hukumar da take tura mai rasit ya karɓi haraji daga mai tebur a bakin titi ta san da zamansa a wurin, ta kuma amfana da shi. Da wuya ta iya cewa ba a yi mata gargaɗi ba.

Inda hukuma ta yi shiru, jama'a kan ɗauki mataki da kansu. Bayan an kaɗe yaro, matasan unguwa kan jera tayoyi ko su zuba siminti su yi tudu mai kaifi, babu fenti, babu alama. Da dare ɗan acaɓa ya zo ya yi karo da shi, a sake wani makokin. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma sun faɗa cikin abin da Imamu Malik ya yi magana a kai, na sa wa mutane abin cutarwa a hanya. Tudun da aka auna tsayinsa da faɗinsa, aka shafa masa fenti, aka kafa allo kafin a iso shi, aikin injiniyan ƙaramar hukuma ne, kuma rashinsa ne ya haifar da wancan tudun mai kaifi.

Gobarar tankar mai ta nuna wani gefen. A daren 15 ga Oktoban 2024 tanka ta kife a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, 18 ga Janairun 2025, irin wannan ya faru a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, fiye da 80 suka tafi. Talauci da tsadar mai ne suka tura mutane bakin tankokin nan, wannan ba a musunsa. Amma tsakanin kifewar tanka da tashin wuta akwai ɗan lokaci, kuma waɗanda ke kusa a wannan lokacin su ne mai unguwa, dagaci, kansila, 'yan sintiri da limamin da ke da lasifika. Garin da tankoki ke ratsawa kullum yana buƙatar a zauna tun da rana tsaka a tsara wa zai tare hanya, wa zai kira 'yan kwana-kwana, wa zai hau lasifika ya kori mutane. Haɗa waɗannan mutane a teburi ɗaya ba ya cin kuɗin kirki, kuma ƙaramar hukuma ce kaɗai take da hurumin kiransu duka.

Matakin farko shi ne wanda ya fi arha: littafi. Kowane mai unguwa ya san wanda mota ta kashe a yankinsa, da wurin, da lokacin. Idan kowane kansila ya tattara wannan daga mazaɓarsa, sakatariya ta haɗa da abin da asibitin gari da ofishin 'yan sanda suka rubuta, cikin shekara guda majalisa za ta san wurare biyar ko goma da suka fi kisa a yankinta. Wanda ke kan titinta ta gyara. Wanda ke kan hanyar jiha ko tarayya ta rubuta wa mai ita da hujja a hannu, ta kuma janye kasuwa da tasha daga bakinsa. Shugabannin direbobi na tasha, waɗanda da izinin hukuma suke zaune a wurin, a sa musu sharaɗin kada motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima ta fita ƙofa.

Malamai ma suna da nasu rabon. Hadisi ya tabbata cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kuma an gafarta wa wani mutum saboda reshen ƙaya da ya janye daga hanyar mutane. Huɗubar da ta saba tsayawa a kan direba mai tuƙin ganganci tana da hujjar da za ta kai har ofishin ciyaman da zauren kansiloli. Akwai kuma mas'alar da ta cancanci a ajiye ta gaban majalisun fatawa: magabata sun yi saɓani a kan kuskuren shugaba idan ya jawo asarar rai, ko diyyar tana kan danginsa ko kan baitulmali. Ƙaramar hukumar da aka rubuta wa takarda sau biyu a kan kwalbatin da ya rufta, kuɗin gyara yana cikin kasafinta, ta bar shi har ya kashe ɗan acaɓa da fasinjarsa, tana cikin irin wuraren da wannan saɓani ya shafa, kuma iyalan mamatan suna da hakkin su ji daga bakin malamai ko akwai abin da asusun hukumar ya kamata ya biya su.